Darasi: Hujja ba ta tsayuwa sai da madogara

Da yawa daga cikinmu sun koma karatu bayan aure, wasu a makarantar share fagen shiga jami'a da ke Funtua, wasu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. To, idan malami ya ce ki rubuta maƙala ki gamsar da shi cewa aure ba ya hana karatu, "an ce" ba za ta fisshe ki ba.

Na farko, ki shiga laburare, ki gaya wa ma'aikacinsa batun da kike nema, kar ki ji kunya. Idan kin samu dama, ki leƙa laburaren Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Na biyu, kafin ki mayar da littafi, ki rubuta sunan marubuci, shekara, sunan littafi, maɗaba'a da shafi. Misali, idan kin kafa hujja da Nana Asma'u da 'yan tarunta, ki nuna cewa daga littafin Jean Boyd na 1989 kika samo, shafi kaza.

Na uku, maganar da kika kwafo kalma-kalma, ki sa mata alamar zancen wani. Mayar da ita taki satar fasaha ce, tana iya kayar da ke.

Wannan ba baƙo ba ne wajenmu: malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai da isnadi. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.