Kiɗanka Ya Yi Nisa, Sunanka Yana Gida

Matasan da ke haɗa kiɗa a kwamfuta, ko suke aikin DJ a ƙananan garuruwa, kukansu ɗaya ne: babu wurin wasa, babu kamfani, ba wanda ya san da zamansu. A ganina ciwon ba nan yake ba. Kiɗan yana tafiya, sunan mai shi ne ake bari a baya.

Ka kwana kana haɗa kiɗa a FL Studio, ka tura wa aboki ta Xender, shi kuma ya kai wa mai tura waƙoƙi a bakin tasha. Kafin mako ya zagayo ya shiga wayoyi barkatai, duk inda ya sauka a sake masa suna, har ya koma lamba kawai. Direban da ke kunna shi tsakanin Gusau da Funtuwa yana jin daɗinsa, amma ko kun haɗu ba zai san kai ne ba.

Haka ta faru da Mdou Moctar, Ba'abzine daga Nijar. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da kiɗan na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu cikin Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a arewacin Mali, ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones na 2011, amma sai da ya sha nema kafin ya gano mai muryar. Shi an same shi, yau yana wasa a Turai da Amurka. Ba kowa ake nema haka ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada kiɗa ya fita daga hannunka sai ka sa sunanka cikin sautin kansa, da murya, a farko da kuma tsakiya inda ba za a yanke ba tare da an ɓata shi ba. Sunan fayil ana gogewa, murya ba ta goguwa. Ka cike bayanan da ke cikin MP3 ɗin: suna, gari, shekara, da hanyar samunka.

Abin da ya fi damuna shi ne asalin aikin. MP3 matsattsen sauti ne, kuma duk kamfanin da zai buga maka faifai WAV zai tambaya. Ka ajiye WAV da fayil ɗin aikin a wuri biyu, ɗaya ba a cikin kwamfutar ba, don wutar da ke zuwa da ƙarfi ba ta sallama.

Idan ka ɗauki kalangu ko gurmin wani makaɗin garinku, wanda shi ne zai bambanta ka da masu kwaikwayon Legas, ku rubuta rabon kowa a takarda tun kuɗi bai shigo ba, ku sa hannu gaban shaida.