Nonon Uwa: Garkuwa Biyu

Sa'ad da zafin bazara ya tsananta a Maiduguri, kakanni sukan ɗura wa jariri ruwa don tausayi. Wannan kurɓi kuwa yana karya garkuwa biyu.

Ta fari, nono yana ƙosar da ƙishin jariri har wata 6. Ruwan waje yakan kawo zawo, balle inda ya gurɓace, kamar bayan ambaliyar Alau ta 2024.

Ta biyu, yawan tsotso yana jinkirta ɗaukar ciki. Kariyar takan kai kashi 98 cikin 100, muddin abu uku sun cika: nono zalla dare da rana, al'ada ba ta dawo ba, jariri bai kai wata 6 ba. In ɗaya ya kauce, sai miji da mata su nemi shawarar asibiti tare, don gudun kwanika.