Yadda Ake Zaɓar Manhajar RSS da Saka Mata Shafukan Labarai a Waya

Duk wanda ya dogara da Facebook ko X wajen samun labarai, abin da manhajar ta ga dama shi take nuna masa. Shafin da yake bibiya zai iya wallafa abu goma, shi kuwa ya ga biyu, sauran tallace-tallace da bidiyoyi masu cinye data sun danne su. RSS hanya ce ta kauce wa wannan.

Tsohuwar fasaha ce, tun 1999 kamfanin Netscape ya fito da ita. Shafi yana ajiye wani ɗan fayil mai ɗauke da jerin sababbin abubuwan da ya wallafa: take, lokaci, da taƙaitaccen bayani ko cikakken rubutu. Manhajar RSS kuma aikinta leƙa wannan fayil lokaci-lokaci, ta kwaso abin da ya ƙaru, ta jera shi bisa lokacin da ya fito. Babu mai tace wa mutum komai.

Manhajojin iri biyu ne, kuma a nan zaɓin yake. Akwai masu buƙatar a buɗe asusu, irin su Feedly da Inoreader. Su ne suka dace da mai karatu a waya da kwamfuta duka, domin labarin da ya karanta a ɗaya zai bayyana a matsayin karantacce a ɗayar. Sai dai tsarinsu na kyauta yana da iyaka: Feedly na karɓar kafofi 100, Inoreader 150. Wannan ya wadaci yawancin mutane.

Iri na biyu ba ruwansu da asusu ko imel, komai a cikin wayar yake zama. A Android akwai Feeder, a iPhone kuma NetNewsWire, dukansu kyauta. Ga ɗalibin da datarsa ke ƙarewa kafin wata ya raba, Feeder ta fi dacewa. Ana iya saita ta kada ta sauke komai sai wayar ta hau Wi-Fi, sannan rubutun da ta sauke yana nan ko a inda babu sabis, a mota ko lokacin da netwok ya ɗauke. Matsalarta ɗaya ce, idan wayar ta ɓata, jerin shafukan ya tafi da ita.

Maganin wannan shi ne OPML, fayil ƙarami da ke ɗauke da adireshin duk shafukan da mutum ya saka. Kafin a amince da kowace manhaja, a duba ko tana bari a fitar da shi. Lokacin da Google ya rufe Google Reader a ranar 1 ga Yulin 2013, da wannan fayil masu amfani da ita suka kwashe jerinsu zuwa wasu manhajoji. A fitar da shi a tura wa kai ta imel, ba ya ɗaukar minti biyu.

Saka shafi kuwa abu ne mai sauƙi. A latsa alamar ƙari, a liƙa adireshin shafin, sau da yawa manhajar za ta gano fayil ɗin da kanta. Idan ta kasa, a gwada ƙara /feed/ a ƙarshen adireshin, domin haka shafukan da aka gina da WordPress suke. Na Blogger kuma /feeds/posts/default ne. Na BBC Hausa yana feeds.bbci.co.uk/hausa/rss.xml. Tashoshin YouTube ma suna da nasu, amma shafukan Facebook ba su da shi.

Wasu jaridun take da layi biyu kawai suke sakawa, sai an shiga shafinsu a karanta sauran. Kuskuren sabon shiga shi ne ya zuba shafuka hamsin a rana ɗaya, washegari ya tarar da ɗaruruwan labarai na jiransa ya gudu. Biyar ko shida sun isa a makon farko, wanda ya cika surutu kuma a cire shi.