KAN SARKI DA FARASHINSA: ME KE FARUWA IDAN KUƊIN AIKA WASIƘA YA SAUYA?

Gabatarwa

Duk da yaɗuwar wayar salula da intanet, har yanzu akwai takardun da dole sai an kai su hannu da hannu, kamar takardar shaidar kammala karatu da takardun kotu. Mai aika irin waɗannan ta gidan waya yakan ci karo da wata tambaya: idan an ƙara kuɗin aika wasiƙa, mene ne matsayin kan sarkin da aka saya tun kafin ƙarin? Amsar ta rataya ne a kan bambancin da ke tsakanin abubuwa biyu, watau adadin da aka rubuta a fuskar kan sarki, da kuma kuɗin aikawa da hukuma ta yanka. Na farko ba ya motsi, na biyu kuwa kullum cikin motsi yake.

Asalin kan sarki

Kafin 1840, a Ingila, yawanci wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biya, kuma ana lissafin kuɗin ne bisa nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya yi nazarin lamarin a 1837, ya gano cewa ɗaukar wasiƙa ɗaya daga Landan zuwa Edinbara bai wuce kashi ɗaya cikin 36 na kwabo ba. Ashe abin da ke cin kuɗi shi ne karɓar wasiƙu da tantance su da bin mutane bashi gida gida. Sai ya ba da shawarar a yanka farashi ɗaya mai rahusa bisa nauyi, mai aikawa kuma ya biya tun da farko. A ranar 6 ga Mayu, 1840 aka fara aiki da kan sarki na farko a duniya, baƙi, na kwabo ɗaya, ɗauke da hoton kan Sarauniya Biktoriya.

A 1900 aka fitar da na Arewacin Nijeriya, shi ma da hoton wannan sarauniya. Daga baya aka sa na Sarki Edward na Bakwai da na Sarki Joji na Biyar. Wannan hoto ne ya sa Bahaushe ya raɗa wa 'yar takardar suna kan sarki, sunan kuma ya zauna ko bayan da aka daina sa kan kowane sarki a kanta.

Yadda ake yanka farashi

Ma'auni na farko shi ne nauyi. Farashin wasiƙa hawan matakala yake yi. A ƙasashe da yawa matakin farko yana tsayawa ne a giram 20, da zarar an ɗara ko da giram ɗaya ne, an shiga mataki na biyu. Fallen farar takarda irin wadda ake buga hoton takardu da ita yana da nauyin giram 5, ambulan ma kusan haka. Ke nan falle uku da ambulan sun kai bakin iyaka, na huɗu zai tsallake ta.

Ma'auni na biyu shi ne abin da hukuma ke kashewa: albashin ma'aikata, man mota, kuɗin jirgin sama da na buga kan sarkin kansa. Idan waɗannan suka tashi, Hukumar Gidan Waya ta Nijeriya, NIPOST, wadda aka kafa a 1985, tilas ta sake duba farashinta, kamar kowace takwararta a duniya.

Wasiƙar ƙasar waje tana da wani ƙarin nauyi. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na Suwizalan a 1874, ta amince a 1969 cewa ƙasar da ta fi aika wasiƙu za ta riƙa biyan wadda ke rarraba su ladan aikinta. Da kuɗin waje ake lissafin wannan lada. Saboda haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kamar yadda ya faru a 1986 da 2023, ɗawainiyar aika wasiƙa waje tana ƙaruwa, ko da nauyinta bai ƙaru ba.

Matsayin tsohon kan sarki

Kan sarki mai adadi a fuskarsa shaida ce cewa an biya wani kuɗi ƙayyadadde. Bai yi alkawarin kai wasiƙa ɗaya har abada ba. Alal misali, a ɗauka wata ɗaliba a unguwar Babban Giji da ke Tarauni tana son aika takardun neman tallafin karatu. A gida ta sami kan sarki huɗu na naira 50, waɗanda aka saya lokacin da matakin farko yake naira 200. A ɗauka kuma yanzu ya koma naira 300. Kan sarkinta ba su mutu ba, har yanzu jimillarsu naira 200 ce, sai dai ba su isa ba. Abin da za ta yi shi ne ta sayi na naira 100 ta manna kusa da su. Idan kuma takardunta falle biyar ne, nauyinsu da ambulan ya kai kimanin giram 30, sai ta biya kuɗin mataki na biyu.

Idan ta jefa wasiƙar a akwati ba tare da ciko ba, ana iya mayar mata da ita, ko a nemi cikon daga wanda aka aika wa. A al'adar gidajen waya na duniya ana buga wa irin wannan ambulan harafin T, kuma a da ninkin abin da ya rage ake karɓa. Babbar hasarar ɗalibar ita ce ta lokaci, domin kafin wasiƙar ta je ta dawo ranar rufe karɓar takardu tana iya wucewa.

Idan kuɗin ƙasa ya sauya

A ranar 1 ga Janairu, 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama sabon kwabo 10, alhali a da kwabo 12 ne. Sisi ya zama kwabo 5, taro kuwa kwabo biyu da rabi. Jerin kan sarki na 1965, masu hotunan zaki da giwa da gauraka da raƙumin dawa da dorina, duk da tsohon kuɗi aka rubuta su. Dole aka buga sabon jeri, wanda a cikinsa na kwabo 10 ya ɗauki hoton namun dajin Yankari, na kwabo 30 kuma bikin kamun kifi na Argungu.

Wani lokaci farashi yakan fi injin buga takarda sauri. A Jamus, a watan Maris na 1923, mak 100 ake aika wasiƙa daga gari zuwa gari. Ya zuwa 1 ga Disamba na wannan shekara, sai da mak biliyan 100. Dabarar da aka yi ita ce buga sabon adadi da baƙin tawada a kan tsofaffin kan sarki, maimakon jiran sababbi.

Kan sarki marar adadi

Don kauce wa wahalar ciko, Birtaniya ta fitar a 1989 da kan sarkin da ba a rubuta masa kuɗi ba, sai dai ajin aikin, na ɗaya ko na biyu. Amurka ta fito da irinsa na dindindin a watan Afrilun 2007 a kan santi 41. A watan Yulin 2025 farashin ya kai santi 78, amma wanda aka saya a 2007 yana kai wasiƙa ba tare da ciko ba.

Manomi zai fahimci bambancin da sauri. Wanda ya ajiye kuɗin kwanon gero, baɗi kuɗin ba lalle su sayi kwano ba. Wanda ya zuba kwanon geron a rumbu, kwano guda zai ɗebo. Kan sarki mai adadi ajiyar kuɗi ne, marar adadi kuwa ajiyar aiki ne. Hukumar ma tana amfana, domin ta karɓi kuɗi tun kafin ta yi aikin, ta kuma huta da buga ƙananan kan sarki na ciko. Sai dai rumbu ma ba ya rasa ƙwari: bayan 31 ga Yuli, 2023 Birtaniya ta daina karɓar tsofaffin kan sarkinta na yau da kullum marasa lambar da na'ura ke karantawa, sai dai a musanya su da sababbi.

Kammalawa

Mai aika takarda mai muhimmanci ya kamata ya kai ta kan kantar gidan waya a auna ta, ya tambayi farashin ranar, ya haɗa jimillar kan sarkin da ke hannunsa, sannan ya cike abin da ya rage kafin ya sake ta.

Aikin aji

1. Kan sarki biyu na sisi da ɗaya na sule, kwabo nawa suka zama a 1973?
2. Daga santi 41 zuwa 78, ƙarin kashi nawa ne cikin ɗari?
3. Malami ya kawo ma'aunin ɗakin gwaje-gwaje, ɗalibai su gano falle nawa na littafin rubutunsu za su shiga ambulan ba tare da an wuce giram 20 ba.