Shawarwari 16 Ga Gidan da Ke Son Cin Moriyar Littattafai

Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Gwale, da wuya ka shiga gida a cikin birnin Kano ka rasa littafi. Ko dai Ahalari da Ishmawi a zaure, ko littafin soyayya a ƙarƙashin matashin 'yan mata, ko wani tsohon Magana Jari Ce da bangonsa ya fita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a karanta, sannan a zauna kowa ya faɗi abin da ya ji a ransa. Ga dabarun da na jarraba na ga amfaninsu, kuma babu wadda za ta taɓa kuɗin cefane.

1. Ku fara da abin da ke cikin gida.
Kafin ku nufi kasuwa, ku buɗe adakar Hajiya da kwalin tsofaffin littattafan makaranta, domin duk gidan da aka yi ɗan sakandare mai ɗaukar darasin Hausa ba a rasa Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar ko Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ku karkaɗe su, ku tara wuri guda, ku sa yaro mai kyan rubutu ya jera sunayensu a takarda. Sau da yawa abin da za a samu ya isa karatun wata uku.

2. Ku riƙa gwama ƙagaggen labari da na gaskiya.
In kun gama Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya bi yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, ku ɗora da Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958. Na farkon zai sa ku ji zafin uwar da ta bar gida neman ɗanta har ita ma ta faɗa bauta, na biyun kuma ya jera muku sarakunan birnin da ayarin fatake ke tashi daga cikinsa. Wanda ya tsaya kan nau'i ɗaya yakan gundura da wuri.

3. Ku ba kowane littafi shafi talatin kafin ku yanke masa hukunci.
Tsofaffin littattafai sukan fara da gabatar da mai ba da labari da asalinsa, sai an ɗan yi haƙuri kafin zance ya ɗauki zafi. In kun kai shafi talatin ba ku damu da abin da zai sami kowa a ciki ba, ku ajiye shi ba tare da jin kunya ba, ku miƙa wa wani. Littafin da ya gundure ku bana yana iya hana ku barci baɗi.

4. Ku ware ƙaramin littafin rubutu don ra'ayin 'yan gida.
Duk wanda ya gama littafi ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya amsa tambaya uku: wa ya burge ni, me ya ɓata mini rai, wa zan ba ya karanta. Layi biyar ya wadatar, kuma wanda hannunsa bai faɗa ba sai ya faɗa a rubuta masa. Bayan shekara ku sake dubawa, za ku ga yadda yarinyar da ta ce ita dai soyayya ta koma neman tarihi.

5. Ku karanta a bayyane bayan sallar isha'i.
Minti ashirin ya isa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kunna fitila mai caji, mutum ɗaya ya karanta saura su saurara. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku, ya fi dacewa da wannan zama, tunda labaran da aku ke bayarwa a cikinsa gajeru ne, kowanne yana ƙarewa a dare ɗaya. Ku tsaya daidai inda aka fi son ji, gobe yara da kansu za su ɗauko tabarmar, Kaka ma da ba ta yi boko ba ta sami rabonta.

6. Ku bar kowa da ra'ayinsa, ko da ya saɓa wa na maigida.
Ku gwada da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990: Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci, shi kuma rumfarsa ta ƙone a kasuwa. Ku tambayi 'yan gida ko ya dace Rabi ta koma ɗakinta, za ku ji uwargida ta faɗi nata, matashi ya faɗi nasa, kuma da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Kada babba ya yi saurin rufe zancen, domin yaron da aka saurari ra'ayinsa a kan littafi shi ne zai kawo muku damuwarsa ta gaske.

7. Ku duba shekarar da aka rubuta littafi.
Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi duk sun samo asali ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, lokacin da rubuta ƙagaggen labari da boko baƙon abu ne. Shi ya sa za ku ga aljanu da yaƙe-yaƙe da salon tatsuniya a cikin wasunsu, kuma wanda ya san haka ba zai tsaya yana cewa ƙarya ta yi yawa ba. Shekarar tana bayan shafin farko, ku koya wa yara su fara dubawa can.

8. Kada ku yi wa littattafan soyayya kuɗin goro.
Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, waɗannan littattafai ne suka sa dubban matan aure suka riƙe karatun boko a cikin ɗakunansu. A cikinsu akwai masu nauyi irin Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, akwai kuma na shirme da aka rubuta don kasuwa kawai. Sai kun karanta za ku iya tsince tsaba daga tsakuwa.

9. Iyaye su riga yara leƙawa.
Ba sai kun karanta duka ba: ku duba farko, ku buɗe tsakiya wuri biyu, ku karanta ƙarshe. In kun ga abin da bai dace da shekarun yaro ba, ku gaya masa dalili, ku musanya masa da wani nan take, kamar Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ga ƙanana, ko Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ga samarin da ke ganin birni aljanna ce. Ƙwacewa ba bayani ba ta hana karatu, ɓoyewa kawai take koyarwa.

10. Ku taka da ƙafa zuwa inda tarihin ya faru.
Mu mutanen cikin birni mun yi sa'a, abin da wasu ke karantawa a takarda mu a bakin ƙofarmu yake. In kun karanta labarin Barbushe ku hau Dala da yara da sassafe. In kun zo kan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ku shiga Gidan Makama, ku ratsa Kasuwar Kurmi, ku tsaya a marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma zane a baba. Yaron da ya hango ragowar ganuwa daga kan dutse ba zai sake cewa tarihi barci yake sa shi ba.

11. Ku sa littafin tafiye-tafiye a cikin jerin.
Tafiya Mabuɗin Ilmi labarin zuwan Abubakar Imam Ingila ne a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Motsi Ya Fi Zama kuma na Malam Aminu Kano ne, wanda gidansa na Mumbayya ke nan Gwammaja. Daɗin irin waɗannan shi ne ganin abin da ya ba Bahaushen wancan zamani mamaki a ƙasar Turawa, da abin da bai burge shi ba. Ku tambayi yara wanne daga ciki har yanzu zai ba su mamaki.

12. Littafin gaskiya ma ku yi masa tambaya.
Kasancewar magana a buge ba ya mayar da ita gaskiya, don haka ku duba wane ne marubucin, a ina ya samo zancen, kuma wane ɓangare yake karewa. In tarihin unguwa ne ko na sarauta, ku kai wa dattijon layinku ku ji nasa. In na addini ne ku kai wa malamin zaure, tunda littafi irin Risala ko Iziyya da ma a gaban malami ake ɗaukarsa. Ƙananan littattafan magunguna da ake tallarsu a bakin masallaci kuwa, kada a haɗa wa mara lafiya komai daga cikinsu sai an tambayi likita.

13. Ku yi adashin littafi da maƙwabta.
Gida biyar su haɗa abin da ya sawwaƙa duk wata, a sayi littafi ɗaya ko biyu, su zagaya gida-gida mako-mako, a ƙarshe littafin ya zauna a gidan da kwasa ta faɗo kansa. Littattafan addini da na Larabci a Kurmi za ku same su, na hikaya kuma wajen masu sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, kuma kada ku ji nauyin tambayar na hannu, ya fi araha. Ɗalibin da ke son wuri shiru ya nufi Laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello.

14. Ku rubuta duk aron da kuka bayar.
Yawancin littattafan da suka ɓace a gidajenmu aro ne ya cinye su, daga hannun ƙawa zuwa na ƙanwar miji har a rasa inda aka kwana. Ku rubuta sunan gida a shafin farko da kuma wani shafi na tsakiya, ku ajiye takardar da ke nuna wa ya ɗauka da ranar da zai dawo da shi. In labari mai kashi biyu ne ko uku, kada ku ba da na biyu sai na ɗaya ya dawo.

15. Ku kare su daga gara da danshi.
A gidan ƙasa kada a jingina littafi da bango ko a ajiye shi a daɓe, domin gara takan cinye cikinsa ta bar muku bango lafiya lau, damina kuma ta manne shafukan. Akwatin ƙarfe da aka ɗora kan bulo biyu ya wadatar, a zuba busasshen ganyen darbejiya ko kafur a ciki saboda kyankyaso, a yi wa kowane littafi riga da tsohuwar kalanda. Na addini a ware musu wurinsu a sama, sannan in hunturu ya shigo a fito da duka a karkaɗe, su sha iska a inuwa.

16. Ku buɗe ƙofa ga rediyo da waya da wasu harsuna.
In ana karanta littafi a rediyo, ko an mayar da shi fim kamar yadda Adamu Halilu ya yi wa Shaihu Umar a 1976, ku nemi na takardar ku gwada, gardamar wanne ya fi tana da daɗi. Masu jin Turanci su fassara wa saura abin da suka karanta a The Stillborn na Zaynab Alkali ko Things Fall Apart na Chinua Achebe, a ji ko halin mutanen ciki ya yi kama da namu. Masu karatu a waya kuma su biya marubuciya kuɗinta, su daina tura littafin sayarwa kyauta, domin haƙƙi ne.

Ba sai kun ɗauki shawarwarin nan duka a lokaci guda ba. Ku zaɓi biyu da suka fi muku sauƙi, ku riƙe su har wata ya ƙare, sannan ku ƙara. In kuma a cikin 'yan matan gida aka sami wadda ra'ayinta ya fara cika shafi, ku ƙarfafa mata gwiwa ta rubuta nata labarin, tunda gasar Hikayata ta BBC Hausa tana karɓar gajerun labaran mata tun 2016. Yau da daddare dai ku ɗauko littafi ɗaya, ku tara yara, ku fara. Allah Ya sa albarka a cikin karatun.