Tsohuwar Zorki mai fitar da hoto dishi-dishi: kada a yi gaggawar kwance ta

Wani mai karatu ya rubuto cewa ya gaji kyamara ƙirar Zorki 4 daga mahaifinsa, wanda ya yi karatu a tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Ya sa mata fim, aka wanke, sai hotunan suka fito dishi-dishi, wasu kuma da ɗigon fari. Yana tambaya ko gilashin gaban ne ya lalace.

Allah Ya jiƙan baba, Ya sa ya huta. Malam, da wuya laifin gilashi ne. A irin wannan kyamara, abin da ya fi saurin gocewa shi ne ma'aunin nisa, kuma sai ka san yadda aka ƙera shi kafin ka gane ciwonsa.

Asalin ƙirar daga Jamus take. Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar, shi ya yi tunanin ƙaramar kyamara mai aiki da fim ɗin silima na milimita 35, aka fitar da ita kasuwa da sunan Leica a 1925. Ta farkon ba ta auna nisa, mai hoto ne ke kintata da ido. A 1932 aka fito da Leica II, wadda aka haɗa mata ma'aunin nisa a jiki, kuma a shekarar ce Zeiss Ikon ya fito da kishiyarta Contax. Sobiyet suka kwaikwayi Leica II, suka fara ƙera FED a Kharkiv a 1934, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma masana'antar Krasnogorsk kusa da Mosko ta soma Zorki. Taka, wato Zorki 4, an yi ta daga 1956 zuwa 1973, sama da guda miliyan ɗaya da rabi. Yawanci tana zuwa da gilashin Jupiter-8, wanda aka kwafo daga Sonnar na Zeiss, gilashi ne mai kyau ƙwarai har gobe.

Dubi gabanta daga sama, za ka ga tagogi biyu. Ta babbar kake leƙe. Ƙaramar tana ɗauko hoton abu ɗaya daga wani gefe kaɗan, madubin ciki ya turo shi tsakiyar abin da kake gani. Shi ya sa in ka leƙa za ka ga ɗan tabo mai haske a tsakiya, kuma a cikinsa abu ya rabu biyu. Kana murza gilashin gaba, ƙarshensa na baya yana tura wani ɗan hannun ƙarfe a cikin kyamarar, hannun ya motsa abin da ke karkato hasken, har siffofin biyu su haɗe su zama ɗaya. Sun haɗe, saiti ya yi. Abin lura a nan: ba ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoto kake kallo ba. Don haka idan kyamarar ta taɓa faɗuwa, ko tsohon man da ke ciki ya daskare, idonka zai ga komai tas alhali fim yana karɓar dishi-dishi.

Kafin komai, duba ɗan hannun da ke ƙarƙashin abin mayar da fim, ta hagu. Na daidaita gani ne ga masu raunin ido, kuma da yawa ba su san da shi ba. Motsa shi har tagar ta washe.

Sannan ka gwada nesa. Murza gilashi zuwa ƙarshe, inda alamar nan mai kama da 8 a kwance take, ka kalli wata da dare ko hasumiyar masallaci mai nisa sosai. Dole siffofin su haɗe. In ɗaya ta tsaya a gefen ɗaya, ma'auni ya goce, kuma shi ne ciwon. In ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya tsawo, wannan yana gajiyar da ido amma ba ya ɓata saiti. Gwajin kusa ya fi wannan muhimmanci, domin a hoton fuska ne kuskure ke tonuwa. Cire marfin baya, ka manna farar takarda shara-shara daidai inda fim ke kwanciya, ka naɗa tukuna, ka sa gudun ɗauka a kan B, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya. Ajiye jarida a nisan mita ɗaya, ka yi saiti ta taga, ka danna ka riƙe, sannan ka duba takardar a ɗaki mai ɗan duhu. Idan rubutun bai fito sarai ba, ka sami hujja.

Akwai ƙaramin sukuru a ɓoye a gaban kyamarar da ake gyara wannan da shi. Shawarata, kada ka taɓa shi da kanka, kuma kada ka kai wa mai gyaran waya. Nemi tsohon mai gyaran kyamara, in babu, ƙwararren mai gyaran agogo ya fi kusa da sanin irin waɗannan ƙarafuna. Kada a ɗura mata man keken ɗinki, kada a goge madubin ciki, domin rufinsa siriri ne, ana gogawa ya tafi, tabon tsakiyar ya dushe ke nan.

Ɗigon farin kuwa daga labule yake. Abin da ke buɗewa ya rufe a gaban fim ƙyalle ne mai rufin roba. In aka bar kyamarar tana fuskantar rana babu marfi, gilashin yana tara hasken wuri guda ya huda ƙyallen, kuma ranar ƙasarmu ba ta da wasa. Cire gilashi da marfin baya, ka haska tocila ta gaba a cikin duhu, kafin ka naɗa da bayan ka naɗa, don labulen biyu ne. Ƙaramin huji ana like shi da baƙin fenti mai laushi na yadi, babba sai an canza labule.

Ga wata doka da saɓa mata ya kashe Zorki da yawa: kada ka canza gudun ɗauka sai ka naɗa fim tukuna. Wanda ya juya maɓallin gudu kafin naɗi yana iya cije ƙarfen ciki ko ya karya shi. In abu ya ƙi juyawa, kada ka sa ƙarfi.

Ba ta da batir, ba ta auna haske. Da fim mai lamba 100 a tsakar rana, sa ƙofar haske a 16, gudu a 1/125. Da damina ka raba ta da jakar fatarta, ka ajiye ta inda iska ke shiga saboda fumfuna, da hunturu kuma ka hure ƙura kafin ka kai ƙyalle kan gilashi.

Kyamarar nan ta cancanci gyara, Malam. Ka yi gwaje-gwajen nan kafin ka sake ɓarnar fim, sannan ka rubuto mana abin da ka gani.