Kiwon lafiya: Kitse cikin jini da aikin malamin likita

Cikin jinin kowane mutum akwai wani irin kitse. Sunansa kolesterol. Hanta ce take yin sa, abinci kuma yana ƙara shi. Jiki yana bukatarsa. Amma in ya yi yawa, sai ya manne cikin hanyoyin jini, kamar yadda laka take toshe bakin magudana. Jini ya kasa wucewa. Daga nan ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki suke zuwa.

Wannan cuta ba ta da alama. Babu zazzaɓi, babu ƙurji. Siririn mutum ma yana iya samunta. Awon jini kaɗai yake nuna ta.

Malamin likita, wato anfirme, shi ne mafi kusa da mutanen karkara. Ga aikinsa:

1. Yana awon hawan jini da nauyin mutum. Yana tambaya game da taba, ciwon sukari, da ciwon zuciya cikin dangi.

2. Yana aika mutum babbar likita don awon jini. In kolesterol ya wuce garam 2 cikin litar jini, ya fara yawa.

3. Yana ba da shawara kan abinci. A rage man shanu, manja, kitsen nama da soye-soye. A riƙa cin gero, dawa, wake, kifi, zogale da miyar kuka. Man gyaɗa ya fi man shanu, amma a sa kaɗan.

4. Yana faɗakarwa a bar taba, a yi tafiyar ƙasa minti 30, kwana 5 cikin sati.

5. In lokotoro ya rubuta maganin da ake kira statin, malamin likita yana bayyana yadda ake shan sa kullum. Ba a barin sa don an ji sauƙi. Wanda ya ji ciwon naman jiki, ya koma likita. Mace mai ciki ta sanar kafin ta sha. Bayan wata 3, a sake awo.

Magidanci guda in ya kwanta, gona ta kwanta. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
Mi yake nuna kitse cikin jini?
Wane abinci ya kamata a rage?
Don mi ba a barin magani?